Kurakuran da Masu Koyo Suka Fi Yi wajen Raɗa Suna ga Sha'ir Mai Gajeren Gashi

Na gaji da ganin ɗalibi ya tsinci tsiron sha'ir mai gajeren gashin zangarniya a gonar gwaji, ya yi wuf ya raɗa wa ƙwayar gadonsa sabon suna kafin ya gwada ta da waɗanda aka riga aka sani. Kama da wane ba ta wane, haka kuma bambancin suna ba hujja ba ne cewa gurbin, wato mazaunin ƙwayar gadon a kan kuromosom, ya bambanta. Masu bincike a Siwidin sun kira ƙwayoyin gadon gajeren gashi da suka gano ari, wasu suka kira nasu lks, daga baya aka gano cewa ari-d da ubs4 da lks2 duk gurbi ɗaya ne a kuromosom 7H. Haka ari-o da brh14 da ert-u suka tashi ƙwaya ɗaya mai sunaye daban-daban.

Maganin shi ne barbara: a haɗa tsirrai biyu masu gajeren gashi, idan zuriyar farko ta fito da dogon gashi to gurbinsu daban ne, idan kuma ta fito da gajere to lahanin yana wuri guda. Amma a nan ne na taɓa yin asarar shekara biyu, kuma har yau abin yana yi mini ciwo. Sha'ir yana barbarar kansa tun zangarniya ba ta gama fitowa daga kube ba. Na makara wajen cire kawunan garin fure, uwar ta riga ta barbari kanta, zuriyar ta fito da gajeren gashi, ni kuma na rubuta cewa gurbi ɗaya ne, har na ɗora wani aiki a kan wannan kuskure. Wanda ya yi barbara sau ɗaya ya yanke hukunci, ganganci ya yi! Tun daga nan nake cire kawunan nan uku da hantsaki tun suna kore shar, in rufe zangarniyar da jakar takarda, in bar ɗaya a rufe ba tare da na sa mata gari ba domin in ga ko za ta yi ƙwaya, sannan in maimaita barbarar uba ya koma uwa.

Kada a kwatanta tsawon gashin tsirrai masu asali daban, domin asalin ma yana shafar tsawon. Domin wannan ne aka mayar da ire-iren nan, ta hanyar barbara, cikin irin sha'ir guda ɗaya mai suna Bowman.

Rubutun suna ma ana wasa da shi. A ari-e.GP, harafin e gurbi ne a kuromosom 5H, abin da ya biyo bayan ɗigo kuma shi ne nau'in ƙwayar gadon da ke cikin irin sha'ir mai suna Golden Promise, wanda aka samo daga wani iri mai suna Maythorpe ta hanyar haska shi da hasken gama mai sauya ƙwayoyin gado a 1956. Babban harafi a farko, kamar Lks1, na nau'i mai rinjaye ne, kuma gwajin da na bayyana ba ya aiki a kansa.