Yadda Za Ka Kwatanta Littafin Soyayya da Fim Ɗin da Aka Ciro Daga Cikinsa

Abin da mutane suka fi faɗa bayan sun kalli fim ɗin da aka ciro daga littafin da suke ƙauna shi ne, "Ai an yanke abubuwa da yawa." Gaskiya ne, amma wannan maganar ba ta kai kwatanci ba. Yanka dole ne. Abin dubawa shi ne aikin da abin da aka yanke yake yi a cikin littafin, da kuma ko masu fim sun samo wata hanyar yin wannan aikin. A labarin soyayya aikin kusan guda ɗaya ne: a nuna yadda zuciyar wani ta karkata zuwa ga wani, a kuma sa mai karatu ya yarda cewa dalilin ya isa.

Za mu yi aiki da littafin Pride and Prejudice na Jane Austen, wanda aka buga a Ingila a 1813, da fim ɗin 2005 da Joe Wright ya ba da umarni, Deborah Moggach ta rubuta, Keira Knightley ta fito a matsayin Elizabeth Bennet, Matthew Macfadyen kuma a matsayin Darcy. Matakan za su yi maka aiki a kan kowane littafi, har da littattafan soyayya na Hausa da aka mayar fim a Kano.

Kafin komai, ka tabbatar da kayan aikin da ke hannunka. Littafin yana da babi 61. Wasu bugu suna jera su daga 1 zuwa 61, wasu kuma suna bin tsarin asali na juzu'i uku, na farko babi 23, na biyu 19, na uku 19. Ke nan babi na 34 shi ne babi na 11 a juzu'i na biyu. Ka rubuta wane tsari kake bi, don kada wanda zai duba maganarka ya buɗe wani wuri daban. Ka guji taƙaitaccen bugun da ake yi wa ɗalibai, domin an riga an yi masa irin yankan da kake son ka gano a fim. Haka ma fim ɗin, ka nemi cikakke, ba gutsattsarin da ake sakawa a YouTube ko TikTok ba. Idan kuma fim ne da aka ɗora masa fassarar Hausa, ka sani kalmomin da kake ji na mai fassara ne, kada ka ɗora su a wuyan marubucin fim.

Littafin za ka fara karantawa, da biro a hannu. Idan ka fara da fim, fuskar jarumin za ta zauna maka a ka, kuma duk inda marubuciya ta siffanta tauraronta daban ba za ka lura ba. Yayin karatu, ka ware layi ɗaya ga kowane babi: wa ya haɗu da wa, a ina, me ya canza. Sannan ka yi wata alama ta daban, ko da tauraro ne da jan biro, a duk inda ra'ayin ɗaya daga masoyan ya motsa game da ɗan'uwansa. A wannan littafin alamun za su faɗo a babi na 3, inda Darcy ya raina Elizabeth a wurin rawa tana ji. Babi na 16, inda wani soja mai suna Wickham ya cika mata kunne da sharrin Darcy. Babi na 34 zuwa 36. Babi na 43. Babi na 46. Babi na 52. Da babi na 58. Waɗannan su ne ƙashin bayan soyayyar. Sauran duk tsoka ne.

Sai kallo, kuma sau biyu. Na farko ka zauna ka kalla kamar kowa, ba tsayarwa, ba rubutu, ka bar fim ɗin ya yi maka abin da zai yi. Bayan ya ƙare ka rubuta layi uku ko huɗu kan abin da ya taɓa ka. Kallo na biyu shi ne na aiki. Ka raba takarda gida huɗu: mintin da fitowa ta fara da wanda ta ƙare, babin da ta fito daga ciki, abin da aka canza, da kuma dalilin da kake zato. Gida na huɗu shi ne mai wuya, shi ne kuma mutane suke bari fanko.

Ka yi lissafi tun da wuri. Fim ɗin ya ɗan haura awa biyu. Idan ka raba wannan da babi 61, kowane babi zai samu kusan minti biyu. Shirin talabijin na BBC na 1995, wanda Andrew Davies ya rubuta, kashi shida ne, sama da awa biyar. Saboda haka idan ka ga babu Mista Hurst da matarsa ko Maria Lucas a fim ɗin 2005, kada ka ɓata tawada a kai. Fitarsu ba ta taɓa soyayyar Elizabeth da Darcy ba. Amma ka duba mintocin da aka ba Wickham, za ka ga kaɗan ne, kuma wannan ya taɓa ƙashin baya. A littafi Elizabeth ta daɗe tana jin daɗin hirarsa, tana kare shi, tana alfahari da cewa ita ta iya gane mutum daga gani. Shi ya sa ranar da ta gano ƙarya ya shirga mata, kunyar ta yi mata nauyi sosai. A fim kuwa, da yake ba ta yi nisa da shi ba, faɗuwar ba ta yi zurfi ba.

Inda ya kamata ka zauna ka daɗe shi ne babi na 34 zuwa 36. Ka buɗe littafin a gabanka, ka tsayar da fim ɗin kana dubawa.

A littafi, a babi na 33, Kanar Fitzwilliam, ɗan'uwan Darcy, ya yi wa Elizabeth suɓul da baka suna tafe a fili, har ta fahimci Darcy ne ya raba yayarta Jane da abokinsa Bingley. Kanta ya yi ciwo, ta ƙi zuwa shan shayi gidan Lady Catherine, innar Darcy, ta zauna ita kaɗai a gidan limamin cocin Hunsford. Nan Darcy ya same ta a cikin ɗaki, ya zauna, ya tashi, ya yi ta kai-komo, sannan ya furta. A fim, a cikin coci Fitzwilliam ya raɗa mata maganar ana tsaka da huɗuba, ta fita a guje cikin ruwan sama, Darcy ya cim mata a ƙarƙashin wani gini mai ginshiƙai, wanda aka ɗauka a lambun Stourhead. Dukkansu sun jiƙe sharkaf, suna musayar zafafan kalamai, fuskokinsu sun kusa haɗuwa. Ka rubuta abin da aka samu da abin da aka rasa. An samu sauri, an haɗe babi biyu a fitowa guda, kuma mai kallo ya ga akwai wani abu tsakaninsu ko da bakinsu na faɗa. Amma Elizabeth ta littafi a wannan lokacin ba ta son Darcy ko kaɗan. Fim ɗin ya matso da soyayyarta gaba da kusan babi tara. Wannan babban canji ne, ya fi duk sunayen da aka cire.

Ga wani abu da ba a cika lura da shi ba. Austen ba ta rubuta jawabin Darcy gaba ɗaya ba. Ta ba shi 'yan jimloli na farko da bakinsa, sauran kuwa ita ce ta ba mu labari cewa ya yi magana kan ƙasƙancin danginta da yadda ya yi ta kokawa da zuciyarsa. Kyamara ba ta ɗaukar "ya yi magana kan kaza". Dole marubucin fim ya ƙirƙiro kalmomin. Don haka a duk fitowar da kake dubawa, ka ja layi ƙarƙashin abin da tauraro ya faɗa da bakinsa a littafi, ka bambanta shi da abin da mai ba da labari ya faɗa a madadinsa. Misali mai kyau shi ne Charlotte Lucas, ƙawar Elizabeth. A babi na 22 marubuciya ce ta bayyana mana lissafin da ya sa ta amince da auren Collins, limamin Hunsford kuma dangin mahaifin Elizabeth: shekara 27, ba wata dukiya, ba wani kyau. A fim an ɗauki wannan lissafin an saka shi a bakinta, tana faɗa wa Elizabeth cikin ɓacin rai. Ma'anar ta tsira, amma halin ya ɗan sauya, domin Charlotte ta littafi mai sanyi ce, ba ta ɗaga murya.

Wasiƙa ita ce babbar matsalar mai fim. Babi na 35 kusan dukkansa wasiƙar Darcy ce, takarda biyu cike da ƙananan rubutu, har da bangon da aka naɗe su, ya miƙa mata hannu da hannu washegari da safe. A ciki akwai lissafin kuɗi: fam 1,000 da mahaifin Darcy ya bar wa Wickham, fam 3,000 da Wickham ya karɓa a madadin muƙamin coci, da fam 30,000 na Georgiana, ƙanwar Darcy mai shekara 15, wanda Wickham ya so ya gudu da ita dominsa. Babi na 36 kuma Elizabeth ce take yawo awa biyu, tana karantawa tana sake karantawa, tana auna kowace jimla da abin da ta gani da idonta, har ta kama kanta da laifi. A ganinmu nan ne zuciyar littafin. Fim ya maye gurbinsa da hoto: tana tsaye gaban madubi, hasken rana yana gushewa, Darcy ya shigo ya ajiye wasiƙar ya fita, muryarsa ta karanta kaɗan daga ciki. Hoton yana da kyau, kuma madubin ya dace da mai duba kanta. Sai dai ka tambayi wanda bai karanta littafin ba, me Elizabeth ta gane game da kanta a wannan wurin? Amsarsa ita za ta gaya maka ko fitowar ta yi aikinta. Wannan gwajin yana da amfani a ko'ina, ka nemi mutum ɗaya da fim kawai ya gani.

Kada ka manta da abin da fim ya ƙara, domin adalci ya haɗa da wannan. Lokacin da Elizabeth za ta bar Netherfield, gidan Bingley, Darcy ya riƙe hannunta ya taimaka mata hawa keken doki, ya juya yana tafiya, kyamara ta bi hannunsa yana buɗe yatsu. Babu wannan a littafi. A babi na 12 ma cewa aka yi da ƙyar ya yi mata kalma goma a ranar ƙarshe, an bar su su biyu rabin awa bai ɗaga kai daga littafinsa ba, don gudun kada ta gane. Marubuciya ta shiga zuciyarsa ta gaya mana. Darakta ba shi da wannan ƙofar, sai ya nuna da hannu, cikin daƙiƙoƙi kaɗan. Irin wannan ka rubuta shi a matsayin nasara. Haka a Pemberley, gidan Darcy: a babi na 43 zanen hotonsa ta tsaya kallo a bango, a fim kuwa sassaƙen kansa ne a ɗakin gumakan Chatsworth, gidan da ya fito a matsayin Pemberley. Aikin ɗaya ne, sauyin bai cutar ba.

Kuɗi da gado wuri ne da mai karatu Bahaushe zai iya yin tuntuɓe. Gidan Longbourn, gidan su Elizabeth, yana kawo fam 2,000 a shekara, amma an ɗaure shi da sharaɗin cewa namiji kaɗai zai gaje shi. Mista Bennet 'ya'ya mata biyar gare shi, don haka ranar da ya mutu gidan na Collins ne, 'yan matan ba su da kaso a ciki. Wanda ya saba da rabon gado na Musulunci, inda 'ya mace take da rabonta, sai ya riƙe wannan kafin ya yi wa uwarsu hukunci kan rawar ƙafar da take yi ta aurar da su. Sannan ka duba yadda fim ya nuna matsayinsu. Ya cika harabar gidan da taɓo da kaji da dabbobi don mai kallo ya ga tazararsu da Darcy mai fam 10,000 a shekara. A littafi kuwa, babi na 13, uwar ta ji haushi da Collins ya zaci 'ya'yanta ne suka yi girki, ta ce suna da mai dafa musu. Mahaifin ma an sassauta shi. Babi na 42 ya fito fili ya ce Elizabeth ta san bai kyauta wa matarsa ba, yana mayar da ita abin dariya gaban 'ya'yanta, amma Donald Sutherland ya fito da shi dattijo mai taushin zuciya.

Wajen rubuta sakamako, kada ka zuba duk abin da ke takardarka. Ka zaɓi canji uku ko huɗu da suka taɓa ƙashin baya, kowanne ka ba da lambar babi da mintin fim, ka faɗi abin da aka samu da abin da aka rasa. Ka raba hukunci biyu: ko fim ɗin ya tsaya da ƙafarsa, da ko ya riƙe amanar littafin. Amsoshin suna iya saɓawa. Ka kuma bambanta laifin jarumi da na rubutu. Idan ba a ba Wickham mintoci ba, ba wanda ya fito a matsayinsa ne ya gaza ba.

Ka faɗi wane kwafi ka kalla, domin fim ɗin 2005 ƙarshe biyu gare shi. Wanda aka fara nunawa a Birtaniya ya tsaya a kan Mista Bennet a ɗakin karatunsa bayan ya amince da auren. Na Amurka an ƙara masa fitowa a Pemberley da dare, ma'auratan su biyu. Littafin bai ƙare da ko ɗaya daga ciki ba: babi na 61 bayani ne kan makomar kowa, jimlarsa ta ƙarshe kuma a kan Mista Gardiner, kawun Elizabeth, da matarsa take, waɗanda suka kai Elizabeth Derbyshire har ta sake haɗuwa da Darcy.