Yadda Ake Kashe Kuɗin Bincike Kafin a Fara Haƙar Ma'adinai

A shekarar 2022 kamfanonin duniya sun ware kusan dala biliyan 13 don neman ma'adinai, kusan rabi a kan zinare, kuma yawancin wuraren da suka bincika ba su zama mahaƙa ba. Shi ya sa suke sakin kuɗi kaɗan-kaɗan, sai sakamakon mataki ɗaya ya yi kyau su biya na gaba. Ƙungiyar da ta haɗa jari a Riruwai ta ƙaramar hukumar Doguwa, inda aka daɗe ana haƙar kuza, ko a wani ƙauyen Jigawa, ita ma hakan ya kamata ta yi.

A fara da takarda, don ita ce mafi araha. A duba a ofishin rajistar lasisin ma'adinai na tarayya ko wani ya riga ya riƙe filin. A ƙarƙashin dokar ma'adinai ta Najeriya ta 2007, izinin leƙen fili na shekara 1 ne, kuma bai yarda da tona rami ba. Lasisin bincike na shekara 3 ne, na ƙaramar mahaƙa kuwa shekara 5. Ana buƙatar amincewar mai gona a rubuce, kuma a bi ta hannun mai unguwa da dagaci tun da wuri. Sai a nemi taswirar duwatsun yankin a hukumar binciken duwatsu da ƙasa ta Najeriya, wato NGSA.

Ɗiban samfur shi ne inda aka fi tafka asara. Mutum ya tsinci dutse mai ƙyalli guda ɗaya, ya kai gwaji, sakamako ya yi kyau, ya sayar da shanu ya sayi injin niƙa. Dutse ɗaya ba ya faɗin abin da ke cikin fili. A tona dogon rami ya ratsa jijiyar dutsen, wato layin da ma'adinin yake bi, a gicciye, a sassaƙo samfur daga kowace mita 1, kilo 2 zuwa 3, mai kyau da marar kyau gaba ɗaya. Kowane samfur da ledarsa, da lambarsa, da alamar wurinsa ta GPS ɗin waya a cikin littafi. A yi aikin da rani bayan an kawar da amfanin gona, domin ramin damina yana ruftawa.

Ga kuza, wanki da kasko yana nuna alama tun a fili, saboda ta ninka yashi nauyi fiye da sau 2, tana kwantawa a ƙasa. Na'urar XRF ta hannu, wadda ake haska dutse da ita ta nuna ƙarafan da ke cikinsa, tana karanta kuza da dalma da tutiya sosai, amma ba a dogara da ita a kan zinare. Shi sai gwajin narkarwa da wuta a ɗakin gwaji, a ba da sakamako da giram a kowane tan. Cikin kowane samfur 20 a saka ɗaya da aka raba gida biyu da lamba daban, da ɗaya na yashi zalla. Idan yashin ya dawo da zinare, a canja ɗakin gwaji. Kada a bar mai sayar da fili ya riƙe ledojin: a 1997 aka gano cewa barbaɗa zinare aka yi ta yi a samfuran kamfanin Bre-X na Kanada a Indonesiya.

A nemi a auna dalma a kowane samfur ko da ba ita ake nema ba. Niƙa dutsen zinare mai dalma a cikin gidaje ne ya kashe yara kusan 400 a Zamfara a 2010.

Kafin sayen inji, a niƙa buhu 2 ko 3 a ga nawa ake iya fitarwa. Idan gwaji ya nuna giram 2 a tan, amma wanki rabi yake kamawa, giram 1 ne a hannu, kuma daga cikinsa za a biya lebura da man dizal da ruwa da dako. Haƙa da injin burtsatse mai ciro dutse shi ya fi komai tsada, ana biya ne da mita, don haka sai ramuka da yawa sun nuna jijiyar ta miƙe sannan a kira shi.