Babi na 7: Kayan Abinci Masu Kama da Juna da Shari'ar Manyan Kantuna

Darasi na 1: Kayan kamfani da kayan kanti

'Yan uwa ɗalibai, iyaye maza da iyaye mata, a wannan babi za mu koyi karanta sunan da ke jikin kwali ko leda ko gwangwanin abinci, kuma za mu yi amfani da labarin wasu shari'o'i da aka yi a ƙasashen Turawa domin mu ga inda rashin karanta suna yake kai mai saye. Ba sai mutum ya iya Turanci zai bi wannan darasi ba. Abin da ake buƙata shi ne baƙaƙe da wasulan da muka koya a darussan baya, da yatsa ɗaya, da haƙuri.

A Ingila akwai manyan kantuna masu rassa ɗaruruwa, irin su Tesco, da Asda, da Marks & Spencer, da kuma Aldi da Lidl waɗanda asalinsu daga Jamus suke. A irin waɗannan kantuna babu mai tsayawa bayan tebur ya miƙo wa mutum abin da ya tambaya. Mai saye ne yake ɗaukar kwando ya zagaya, ya ɗebi abin da yake so da hannunsa, sannan ya je ya biya a bakin ƙofa. Saboda haka idonsa ne kaɗai jagoransa, kuma galibi cikin sauri yake.

Kayan da ake jerawa a kan kanta iri biyu ne. Akwai na kamfanonin da suka daɗe suna sana'a har sunansu ya shiga bakin kowa. Akwai kuma waɗanda kantin da kansa yake ba wata masana'anta kwangila ta yi masa, ya raɗa musu sunan da ya ga dama, ya sayar da su a rassansa kaɗai. Waɗannan na biyun su ne za mu riƙa kira kayan kanti, kuma yawanci sun fi araha, domin ba a kashe musu kuɗin talla mai yawa. Babu laifi a yin haka, kuma talaka yana amfana. Rigima tana tasowa ne idan kanti ya yi wa kayansa sutura irin ta wani, wato launi ɗaya, siffa ɗaya, zane kusan ɗaya, har mai saye ya kasa bambance su daga nesa.

Suna ko zane ko alamar da kamfani yake sa wa kayansa domin a gane shi, shi ake kira tambarin kasuwanci. Idan kamfani ya yi wa tambarinsa rajista a wurin hukuma, doka tana ba shi ikon kai ƙarar wanda ya kwaikwaye shi. Ku ɗauki kowane kwali da ke gabanku ku dubi ƙarshen sunan, daga sama ta hannun dama. Sau da yawa za ku ga ɗan ƙaramin harafin R a cikin da'ira, kamar haka: ®. Ma'anarsa ita ce an yi wa wannan tambari rajista. Wanda bai gan shi ba kada ya damu, ƙarami ne ƙwarai, ya matsa kusa da haske ya sake dubawa.

Darasi na 2: Kek biyu a gaban kotu

Tun shekarar 1990 kantin Marks & Spencer yake sayar da wani kek na cakulan da aka yi shi dogo, a siffar tsutsa, da fuska ta farin cakulan da 'yan alewa masu launi a bayansa. Sunansa Colin, kuma iyaye a Ingila sun saba saye wa yara shi ranar bikin zagayowar haihuwa. Daga baya kantin Aldi ya fito da nasa kek ɗin, shi ma tsutsa, shi ma da farar fuska, ya sa masa suna Cuthbert. A lokacin ana sayar da Colin fam 7 na kuɗin Ingila, shi kuwa Cuthbert bai cika fam 5 ba.

A watan Afrilu na 2021 Marks & Spencer ya kai ƙara Babbar Kotu a Landan. Hujjarsa ita ce kamannin sun yi yawa har mai saye zai iya zaton ingancinsu ɗaya ne, kuma Aldi yana cin moriyar sunan da wani ya sha wahalar ginawa tsawon shekaru 30. Ba a kai ga yanke hukunci ba. A watan Fabrairu na 2022 aka sanar cewa ɓangarorin biyu sun yi sulhu a wajen kotu, ba su kuma bayyana sharuɗɗan sulhun ba, sannan Cuthbert ya dawo kasuwa da ɗan canji a kamanninsa.

Yanzu mu zo ga aikinmu. Kowa ya buɗe littafin rubutunsa ya kwafi waɗannan sunaye biyu, ɗaya a ƙarƙashin ɗaya, da manyan baƙaƙe:

COLIN
CUTHBERT

Ku lura cewa a Turanci harafin C sau da yawa ana furta shi kamar K, ba kamar yadda muke furta shi a cikin "ciki" ko "cokali" ba. Amma yau ba furuci muke nema ba, gani muke nema. Ku ɗora yatsa a ƙarƙashin harafin farko na sunan sama. C ne. Ku sauko da yatsa zuwa harafin farko na sunan ƙasa. Shi ma C ne. To, a nan ne mafi yawan ɗalibai suke tsayawa su ɗago kai su ce sun gane, kuma a nan ne ake yin kuskure. Kada ku ɗaga yatsa. Ku matsar da shi gaba zuwa harafi na biyu. A sama O ne, a ƙasa U ne. Ku ci gaba zuwa na uku: a sama L, a ƙasa T. Ku bi haka har sunan ya ƙare, sannan ku ƙirga: na sama harafi 5, na ƙasa harafi 8.

Wani zai ce ai wannan mai sauƙi ne, tunda ɗaya gajere ne ɗaya dogo. To ga abin da ya sa ba za mu dogara da tsawon suna ba. Sauran kantunan Ingila su ma suna da nasu kek ɗin tsutsa. A lokacin wannan shari'a, na Tesco sunansa Curly, na Asda sunansa Clyde, na Waitrose sunansa Cecil. Ku rubuta su a ƙarƙashin Colin:

COLIN
CURLY
CLYDE
CECIL

Dukansu da C suka fara, dukansu harafi 5 ne. Wanda ya tsaya a harafin farko bai san wanne ya ɗauka ba, wanda ya auna tsawo da ido shi ma bai sani ba. Ku mai da yatsa kan harafi na biyu na kowane suna: O, U, L, E. Ku faɗe su da baki, a hankali. Ku sake komawa farko ku maimaita. Sannan ku kwatanta Curly da Cuthbert, za ku ga har harafi na biyu sun yi tarayya, sai a na uku suka rabu, ɗaya R ɗaya T. Wannan ya nuna cewa ko harafi biyu ba su isa ba, sai an bi suna har ƙarshensa. Wanda ya ga abin yana yi masa nauyi kada ya ji kunya, kowa da haka ya fara, kuma gemu ba ya hana ilimi. Ya yi sau uku yau, ya yi sau uku gobe.

Darasi na 3: Tsuntsaye biyu a jikin biskit

Wannan shari'a ta girmi ta kek. Kamfanin United Biscuits, mai yin wani biskit na cakulan da ake kira Penguin, ya kai kantin Asda kotu saboda ya fito da nasa biskit ɗin mai suna Puffin. Sunayen biyu duk na tsuntsayen teku ne masu baƙin baya da farin ƙirji, kuma kowace leda tana ɗauke da zanen tsuntsunta a tsaye. A 1997 alƙali ya ba United Biscuits gaskiya a kan cewa suturar Puffin za ta sa mutane da yawa su zaci kamfani ɗaya ne ya yi biskit ɗin biyu. Asda ya sauya ledar, amma ya ci gaba da amfani da sunan.

Ku yi tunani a kan wannan hukunci. Mutanen da alƙali yake magana a kansu sun yi makaranta tun suna yara, suna karanta jarida kullum, duk da haka launi da zane suna iya ruɗe su idan suna sauri. Ina ga wanda bai daɗe da fara haɗa baƙi ba? Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane.

Ga hanyar da za ku bi da kowace leda. Ku riƙe ta da hannun hagu, ku sa tafin hannun dama ku rufe zanen gaba ɗaya, ya zama ba kwa ganin komai sai rubutu. Idan hannu bai isa ba ku sa takarda. Sannan ku janye yatsa ɗaya ku ɗora shi a ƙarƙashin harafin farko. Ku gwada da waɗannan:

PENGUIN
PUFFIN

Harafin P ba ya cikin baƙaƙen Hausa, amma za ku riƙa haɗuwa da shi a jikin kaya: sanda ce a tsaye da ƙulli ɗaya a sama. Sunayen biyu da shi suka fara, kuma dukansu da IN suka ƙare. Bambancin yana tsakiya. Harafi na biyu E ne a sama, U ne a ƙasa. Yatsa kada ya yi tsalle daga farko zuwa ƙarshe, ya taka kowane harafi.

A nan dole in yi magana a fili. Na sha miƙa wa ɗalibi gwangwanin madara ko kwalin ganyen shayi in ce ya karanta, sai ya faɗi sunan tun kafin idonsa ya sauka a kan rubutu, domin ya san launin tun daga kasuwa. Wannan ba karatu ba ne, hadda ce, kuma mai yin haka kansa yake cuta, ba malami ba. Wasu kuma idan an ce su rufe zane sai su bar 'yar kafa tsakanin yatsu suna leƙe. Dattawa, wannan bai dace da ku ba. Kun bar gona da rumfa da aikin gida kun zo nan domin ku daina dogaro da launi, to me ya sa za ku shigo da shi cikin aji? A rufe zane sosai, a ɗora yatsa, a bi suna har ƙarshe.

Darasi na 4: Bayan kwali

Bayan an karanta gaba sai a juya baya, inda ƙananan rubutu suke. A nan ake rubuta wanda ya yi kayan da adireshinsa. Idan kun ga "Manufactured by", sunan da ya biyo baya shi ne na masana'antar da ta yi. Idan kun ga "Produced for", an yi wa wani ne, kamar yadda ake yi wa manyan kantuna. A Najeriya kuma ku nemi lambar rajistar NAFDAC, hukumar da ke kula da ingancin abinci da magunguna. Sunan da ke baya shi ma da yatsa ake binsa, harafi bayan harafi.

Ku bambance mai kama da jabu. Mai kama yana ɗauke da sunansa na kansa da adireshin mai shi, kuma yana iya zama mai kyau ne, har mutum ya zaɓe shi da saninsa saboda araha. Jabu kuwa sunan wani ya sata gaba ɗaya, kuma shi ne mai hatsari ga lafiya.

Rigimar ba a jikin abinci kaɗai ta tsaya ba. Tambarin Lidl da'ira ce ruwan ɗorawa a cikin shuɗin murabba'i. Da Tesco ya fara nuna rangwamen farashinsa da alama mai irin wannan launi da siffa, Lidl ya kai shi ƙara, ya yi nasara a 2023, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar da mafi yawan hukuncin a 2024, Tesco ya sauya alamar.

Darasi na 5: Zomon cakulan

A Suwizalan, kamfanin Lindt yana yin zomo na cakulan a naɗe cikin takarda mai ruwan zinare, da jan zare da 'yar ƙararrawa a wuyansa. A watan Satumba na 2022 kotun ƙolin ƙasar ta hana Lidl sayar da nasa zomon mai kama da shi, ta kuma umarci a lalata waɗanda suka rage, ko da yake ta nuna cewa ana iya narkar da cakulan ɗin a sake amfani da shi. Ku kwafi LINDT da LIDL. Harafi biyu na farko ɗaya ne. Ku nemo inda suka rabu da kanku, kun riga kun san hanyar.

Darasi na 6: Aikin gida

A Amurka ma, a 2025, kamfanin Mondelez mai yin biskit ɗin Oreo ya kai Aldi kotu a kan kamannin leda. Kowa ya zo mako mai zuwa da leda ko kwali biyu na abinci masu launi ɗaya, ya kwafi sunayensu a littafinsa, ya ja layi a ƙarƙashin harafin da suka fara bambanta.