Yadda za ka biya kuɗin ƙaramar hukuma ba a cuce ka ba

Masu shago da 'yan tebur na Jega, Argungu, Yauri da sauran ƙananan hukumomi 18 na Kebbi, don Allah ku karanta, yawan karɓe-karɓen nan yana ci min rai.

Da farko ka san abin da ke hannunsu. Tsarin mulkin 1999 ya ba ƙaramar hukuma kula da kasuwa, tasha, mahauta, kwasar shara, lasin amalanke da kwale-kwale, har da allon talla da kake kafawa bakin shago. Harajin albashi kuwa na jiha ne, ba ruwansu.

In mai karɓa ya zo kada ka yi masa faɗa, ce masa Malam ina katinka, kuɗin me ne, na wata ne ko na shekara, sannan ka duba rasit ɗin da kyau, akwai sunan ƙaramar hukuma, lamba, hatimi, kwanan wata, kuma adadin da aka rubuta shi ne ka bayar? Wanda zai ce kawo rabi mu bar rasit wallahi kai yake cuta, gobe wani zai zo ya ce ba ka biya ba. Ɗauki hoton rasit da waya, takarda tana jiƙewa da damina.

In an ƙara kuɗi ba sanarwa ko shara ta toshe kwata, kada ka je kai kaɗai. Ku haɗu da sarkin kasuwa ku rubuta takarda zuwa ga ciyaman, ku ba kansilan mazaɓarku kwafi, a sakateriya a buga muku hatimi kan naku kwafin kafin ku fito.