Yadda Ake Ƙaura da Akwatin Imel Zuwa Sabuwar Sabar Ba Tare da Kalanda Ta Rasa Mai Ita Ba

Bayan ƙaura sau da yawa wasiƙu kan iso lafiya, amma mutum ya buɗe taron da shi ya kira ya tarar ba ya iya sauya lokacinsa ko soke shi. Dalilin yana cikin iCalendar, tsarin da ake rubuta bayanan kalanda da shi (RFC 5545). Kowane taro na ɗauke da layin ORGANIZER mai adireshin wanda ya kira shi, da lambar UID da ke bambanta shi da sauran. In sabuwar sabar ba ta gane adireshin ba, sai ta ɗauki mai taron a matsayin wanda aka gayyata kawai. Aikin duka shi ne waɗannan biyun su tsallaka yadda suke.

Kafin a taɓa komai, a rubuta wa ke da izini a kan kalandar wa, da wakilai masu kula da kalandar wani a madadinsa, da ɗakunan taro. A Exchange, sabar imel ta Microsoft, umarnin Get-MailboxFolderPermission yana nuna izinin. Izini ba ya bin fayil ɗin ICS, wato fayil ɗin da ake fitar da kalanda a cikinsa, don haka da wannan jerin za a maido shi daga baya.

A kuma sani cewa IMAP, tsarin karɓo imel daga sabar, wasiƙu kawai yake ɗauka. Manhaja irin imapsync ba za ta kwaso kalanda ba. Sai ta CalDAV (tsarin musayar kalanda da sabar), ko ICS, ko kayan ƙaura na sabar kanta.

Adireshi ne ya fi cin mutane. In ya canja, a maƙala tsohon a sabon akwatin a matsayin ƙarin adireshi tun kafin a shigo da kalanda. A Exchange wannan bai isa ba, domin tarukan cikin gida suna riƙe da wani ɓoyayyen adireshi, legacyExchangeDN. A ciro shi da Get-Mailbox daga tsohuwar sabar, a ƙara shi a sabon akwatin a matsayin ƙarin adireshi nau'in X500. Wanda ya tsallake wannan zai ga amsoshin gayyata suna dawowa da kuskure mai farawa da IMCEAEX.

In sabar ba ta kula da ƙarin adireshi, sai a gyara ORGANIZER da ATTENDEE, layin mahalarta, cikin fayil ɗin ICS. A yi hattara: tsarin yana karya dogon layi a wajen bait 75 (kusan haruffa 75), saura ya sauka ƙasa da tazara a farkonsa. Adireshi na iya rabuwa biyu, nema-da-sauyawa ya wuce shi bai gani ba. A haɗe layukan tukuna. UID kuwa kada a taɓa shi, in ba haka ba mahalarta za su sami taro biyu, sokewar ma ba za ta shafi tsohon ba. Ranakun da aka sauya cikin taro mai maimaituwa su ma da UID da RECURRENCE-ID, layin da ke nuna wace rana ce aka sauya, suke jingine.

A dakatar da fitar saƙon gayyata lokacin shigowa. Wasu sabar CalDAV da zarar sun ga taro mai mahalarta sai su sake aika gayyata, har na tarukan bara. Google Calendar kuma ba ya ɗaukar jerin baƙi in an shigo da ICS da hannu, shi ya sa wannan hanyar ba ta dace da taruka ba.

A gwada da akwatuna biyu ko uku: a matsar da taro mai maimaituwa, a soke rana ɗaya, a duba ko ta sauya a wajen mahalarci da ɗakin taro. Ya fi kyau shugaba da wakilinsa su ƙaura tare.

Taron ma'aikacin da ya bar aiki a warware shi kafin a goge akwatinsa. Google na ba da damar miƙa taro ga wani. A Exchange a soke da Remove-CalendarEvents, sabon mai taron ya sake kira.