Yadda Ake Gardamar Faɗuwar Super Eagles da Hujja a Hannu

A gidajen kallon ƙwallo na Jos, daga Unguwar Rogo zuwa Gangare da titin Bauchi, da zarar an fitar da Super Eagles daga gasa sai majalisa ta rabu gida huɗu: masu cewa koci ne, masu cewa hukumar ƙwallon ƙasa NFF ce, masu cewa yaran ba su da kishin ƙasa, da masu ɗora wa gola. Kowa da 'yar gaskiyarsa, shi ya sa ake raba dare ba a tsayar da magana ba. Wanda yake son ya riƙe wannan gardama, a teburin mai shayi ne, ko a shirin wasanni na rediyo, ko a muhawarar makaranta, akwai aikin da zai yi kafin ya buɗe baki. Takarda, biro, da wayar da za ta kunna bidiyon tsohon wasa sun wadatar.

Ka fara da tambayar mai magana: wace faɗuwa yake nufi? Iri uku ce, kuma ba dalili ɗaya ke jawo su ba. Akwai ta Kofin Afirka, inda Najeriya ta ɗauki kofi sau uku, a 1980 da 1994 da 2013, amma ta sha kashi a wasan ƙarshe sau biyar: 1984, 1988, 1990, 2000, sai na Abijan a Fabrairun 2024. Akwai ta Kofin Duniya, inda aka je sau shida tsakanin 1994 da 2018, aka tsallake rukuni sau uku, ba a taɓa haye zagayen 'yan 16 ba, alhali Kamaru ta kai kwata fainal a 1990, Senegal a 2002, Ghana a 2010, Maroko kuma ta kai wasan kusa da na ƙarshe a 2022. Sai ta uku, wadda ta fi ciwo, wato rashin zuwa gasar ma gaba ɗaya: Kofin Afirka na 2012 da 2015 da 2017, Kofin Duniya na 2006 da 2022 da 2026. Idan ba a zaɓi ɗaya ba, wannan zai riƙa kawo misalin 1994, wancan yana ba shi amsa da wasan Lesotho, ba za su taɓa haɗuwa ba.

Ta ukun ta fi sauƙin warwarewa, domin lissafi ne kawai. Ka rubuta wasannin gida, ka ƙidaya makin da aka zubar. A neman gurbin 2026 an yi kunnen doki 1-1 a Uyo da Lesotho, da Afirka ta Kudu, da Zimbabwe. Maki shida ke nan aka watsar a gida, kuma da maki ɗaya tak Afirka ta Kudu ta wuce mu a rukuni. A wasanni huɗun farko maki uku aka samu cikin 12. Don haka duk wanda ya ce fenaretin da Kongo ta ci mu a Rabat a Nuwamban 2025 shi ya hana mu zuwa, ka ce masa ya koma baya shekara biyu. Haka na 2006: canjaras ɗin 1-1 da Angola a Kano ne ya yi aikin, domin maki ya zo daidai, aka duba haɗuwar ƙasashen biyu, Angola ta wuce. Tambayar da ta dace a nan ita ce me ya sa ƙungiya mai 'yan gaba irin namu take kasa fasa ƙaramar ƙasa da ta tara mutum tara a bayan ƙwallo.

Mintin da ake cin mu

Wannan shi ne wurin da ya kamata a daɗe. Ka ja layi biyu a takarda, ɗaya sunan wasa, ɗaya mintin da ƙwallon da ta kashe mu ta shiga. Italiya a 1994: muna gaba da ci ɗaya na Amunike, an ba Zola jan kati, Baggio ya farke a minti na 88, ya ƙara ta biyu da fenareti a ƙarin lokaci. Faransa a 2014: babu ci har minti na 79, Pogba ya sa kai. Ajantina a 2018: kunnen doki ya ishe mu mu wuce, Rojo ya ci a minti na 86. Aljeriya a 2019: bugun tazarar Mahrez a daƙiƙun ƙarshe. Kwaddebuwa a 2024: Troost-Ekong ya ci kafin hutu, Kessie ya farke a minti na 62, Haller ya rufe a na 81. Koci daban-daban, 'yan wasa daban-daban, shekara talatin a tsakani, amma duk bayan minti na 75 ake yanka mu. Abin da ya maimaita kansa haka ya wuce a kira shi tsautsayi.

Sai ka gano me ke faruwa a wannan lokaci. Ka buɗe cikakken wasan, ba guntun da ake haɗa ƙwallaye kawai ba, domin guntun yana nuna mutumin ƙarshe da aka wuce, ba ya nuna wanda ya fara ɓata abin. Ka raba minti 90 gida shida, kowane minti 15. A kowane gida ka sa alama iri biyu: sanda ɗaya duk lokacin da ƙwallo ta tashi daga baya, ta bi ta ƙafar ɗan tsakiya, ta isa gaba, da'ira ɗaya duk lokacin da gola ko ɗan baya ya ɗaga ta sama ta dawo ƙafar abokan hamayya. Idan da'ira ta fara rinjayar sanda bayan minti na 60, tsakiya ta mutu. Daga nan 'yan baya ba su da hutu, suna fitar da ƙwallo tana dawowa, ana ta jera kwana, kuma ko wane ne a baya sai ya yi kuskure ɗaya. Ga kowace ƙwallo da aka ci, ka mayar da bidiyon baya daƙiƙa 20 zuwa 30, ka tsaya a inda muka rasa ƙwallon, ka ƙidaya 'yan wasanmu nawa ke bayanta.

Ka gwada wannan a wasan Faransa. Najeriya ta riƙe su sosai har sai da Matuidi ya taka Ogenyi Onazi a farkon zagaye na biyu aka fitar da shi a kan gadon ɗaukar majinyata. Daga nan Mikel ya rasa mai yi masa gudu, filin ya karkata gefe ɗaya, Enyeama ya yi ta ture ƙwallaye har wadda ya kasa riƙewa a kwana. Ka gwada a wasan Abijan. Ndidi bai je gasar ba saboda rauni, koci Peseiro ya tsayar da biyar a baya, ya bar Onyeka da Iwobi su biyu a tsakiya gaban mutum uku. Ƙwallayen biyu duk daga ƙafar Simon Adingra suka fito, ɗaya kwana, ɗaya kuros daga gefen da Ola Aina yake. Masu zagin Aina a daren sun ga rabin abin ne. Wa ya sauko ya taya shi? Sau nawa Osimhen ya taɓa ƙwallo a cikin yadi na 18? A ra'ayina wannan ce hujja mafi ƙarfi a duk gardamar: ƙasar tana fitar da 'yan gaba har an ba Osimhen gwarzon Afirka a 2023, Lookman a 2024, amma ba ta cika fitar da mai taka ƙwallo ya kwantar da wasa idan ana gaba da ci ɗaya ba. Mutane suna jera sunayen 'yan gaba su ce da waɗannan ai sai kofi. Ka ce su jera na tsakiya da wanda zai canje su daga benci.

Maganar gola a taƙaice take. Gaskiya ne tun da Enyeama ya bari a 2015, cutar sankarar jini kuma ta tsayar da Carl Ikeme a 2017, an daɗe ana laluben mai tsaron gida. Ƙwallon Msakni na Tunisiya ta wuce Okoye a Garwa a Kofin Afirka, ta Partey na Ghana ta wuce ƙarƙashin Uzoho a Abuja ranar 29 ga Maris, 2022. Amma Partey a minti na 10 ya ci, aka farke da fenareti a na 22. Saura minti 68, a gida, gaban cikakken fili, ƙwallo ɗaya ake nema, ba a samu ba. Gola ya ɗauki kasonsa, sauran goma su ɗauki nasu.

Koci da ofis

A nan kada ka yarda da "bai iya ba" kawai. Ka tambayi wata nawa ya yi a kan aikin kafin gasar. Westerhof ya zauna daga 1989 zuwa 1994: na biyu a 1990, na uku a 1992, kofi a 1994. Shi kuwa marigayi Shuaibu Amodu sau biyu yana kai ƙasar Kofin Duniya, 2002 da 2010, sau biyun ana cire shi watanni kaɗan kafin a tafi. Onigbinde da Lagerback da suka gaje shi duk a rukuni suka tsaya, babu nasara ko ɗaya. An kori Rohr a Disamban 2021, saura kimanin wata guda a fara Kofin Afirka. Neman gurbin 2026 kuwa mutum uku suka ja shi: Peseiro, Finidi George, Eric Chelle. Dalilin da ya sa wannan ke da illa shi ne kocin ƙasa ba ya samun 'yan wasa kullum. Hutun FIFA, wato lokacin da kulob ke sakin ɗan wasa ya bugo wa ƙasarsa, yawanci kimanin kwana tara ne da wasa biyu a ciki. Wanda ya buga wa kulob ɗinsa ranar Lahadi a Turai sai Litinin ko Talata zai iso sansani, abin da zai rage bai wuce cikakken atisaye biyu ko uku ba. Sabon koci zai iya shekara bai haɗa atisayen da kocin Plateau United ke yi a wata biyu ba.

Ka shirya, domin mai wayo a majalisa zai jefo maka Maroko da Kwaddebuwa. Regragui bai cika wata uku yana koci ba aka fara Kofin Duniya na 2022, ya kai Maroko inda Afirka ba ta taɓa kaiwa ba, Emerse Fae kuma a tsakiyar gasa aka miƙa masa Kwaddebuwa ya ɗauki kofi. Kada ka musa, gaskiya ne. Amsar ita ce Regragui ya tarar da gini a tsaye: En-Nesyri da Ounahi da Aguerd duk makarantar ƙwallo ta Mohammed VI ce ta raine su. Canjin koci ba ya rusa ƙungiyar da ke da tsari a ƙasansa. Inda babu tsarin, kowane koci daga tushe yake farawa.

Rikicin alawus ma haka za ka auna shi. Ya faru a 2013, lokacin da 'yan wasa suka ƙi tashi daga Namibiya zuwa Brazil a kan lokaci, ya faru a 2014 kafin wasan Faransa, ya sake faruwa a Rabat a 2025, inda aka ƙaurace wa atisaye ana saura kwana biyu a kara da Gabon. Sai dai an ci Gabon 4-1, kuma tawagar Olamfik ta 2016 da ta maƙale a Atlanta ta sauka Manaus sa'o'i kaɗan kafin wasa, ta ci Japan 5-4. Wato rikicin kuɗi ba ya kayar da ƙungiya a ranar. Atisayen da ya cinye, irin na tsaron kwana da na fenareti, shi ke fitowa a wasa na gaba. Idan za ka kafa hujja da shi, ka faɗi wane atisaye aka rasa, kwana nawa kafin wane wasa.

Zancen kishin ƙasa kuwa ba ya aunuwa, sai dai a gwada shi da misali. Ana cewa waɗanda aka haifa a waje ba sa sa ƙafa. Troost-Ekong a Holan aka haife shi, shi ne kuma gwarzon gasar da aka yi a Kwaddebuwa. A cikin 'yan Maroko 26 na 2022, 14 a waje aka haife su. Tambaya mai amfani ita ce ina yaran da suka ɗauko Kofin Duniya na 'yan ƙasa da 17 har sau biyar suke shiga, in ka cire irin su Kanu, Iheanacho, Osimhen da Chukwueze. Jos da ta ba ƙasar Mikel da Ahmed Musa da Moses Simon ta san amsar ba rashin yara ba ce. Wanda kuma ya kawo zancen ƙabila ko yanki, a ɗaure shi da sharaɗi ɗaya: ya faɗi sunan ɗan wasan da aka zalunta, kulob ɗinsa, wasa nawa ya buga a kakar, da wanda za a cire a sa shi. In ya kasa, a wuce. A garin nan ba a barin irin wannan magana ta yi tsawo a gidan kallo.

A bar wa sa'a nata gurbin, amma ƙarami. Fenaretin Ikpeba a wasan ƙarshe da Kamaru a 2000 ya haye layi alƙali bai gani ba, babu mai musu. Na Rabat kuwa ba sa'a ce zalla ba: Kongo ta canza gola daf da tashi musamman don bugun, ya kuma tare biyu. An tsara wannan tun a sansani, ko da Chelle ya yi ƙorafin asiri bayan wasan.

Idan kai ne mai raba gardamar, ka ba kowa minti biyu, dalili ɗaya, da wasa biyu da suka tabbatar da shi, da shekara da sakamako. Na gaba ba zai kawo nasa dalilin ba sai ya fara kawo wasan da ya karya na wancan. Dalilin da aka samu wasa biyu sun karya shi a soke shi daga takarda. A hana kowa kafa hujja da wasan sada zumunci, domin ana canza mutane da yawa a ciki, kuma rabin manyan ba sa zuwa.