Yadda Za Ka Gwada Dokar Lavoisier Da Gorar Lemo

Kafin John Dalton na Ingila ya fitar da littafinsa kan ƙwayar zarra a 1808, sikeli ne ya share masa hanya. A 1774 Antoine Lavoisier na Faransa ya zafafa kuza a cikin kwalba toshashshiya, ya auna kafin da bayan haka, nauyin bai canza ba. Wannan ita ce dokar Lavoisier: idan abubuwa suka haɗu suka sauya, jimillar nauyinsu ba ta canzawa. Dalton ya ce dalili shi ne zarra ba ta ɓacewa, ba a kuma ƙirƙirarta, sauya abokan haɗi kawai take yi. Ga yadda za a nuna wa ɗalibai wannan su gani da idonsu.

Nemi gorar lemo ta roba mai cin lita 1.5 da murfinta mai kyau, ruwan khal mililita 50, bekin soda giram 2, takardar tishu, da sikeli mai nuna giram 0.1. Sikelin awon nama ba zai yi ba. Kanwa ma tana kumfa da khal, amma ƙasar da ke cikinta tana ɓata lissafi.

Zuba khal a gora. Ƙunshe sodar a tishu, ka maƙale ƙunshin a wuyan gorar yadda ba zai taɓa ruwan ba. Ɗaure murfi tam, goge jikin gorar, auna, rubuta. Sai ka karkata ta ƙunshin ya jiƙe. Kumfa za ta taso, gorar ta yi tauri. Idan ta lafa, sake aunawa: nauyin na nan yadda yake, ko ya bambanta da kimanin giram 0.1.

Yanzu kwance murfin a hankali, kana kau da fuska, ka mayar da shi ka auna. Nauyin ya ragu. Giram 84 na soda yana ba da giram 44 na iskar kabon dayokside, don haka giram 2 zai ba da kusan giram 1, wato fiye da rabin lita kaɗan. Ragin da za ka gani ba zai kai giram 1 ba, saboda wata iskar ta narke a ruwan, wata kuma ta kwanta a gorar don ta fi iskar ɗaki nauyi.

Kuskuren da ya fi ɓata gwajin shi ne sa balan-balan a bakin gora maimakon murfi. Idan ya kumbura sai ya ture iskar da ke kewaye, ita kuma ta ɗaga shi sama, kamar yadda ruwa ke ɗaga ƙwarya. Kowace lita ta iska tana da nauyin kusan giram 1.2, sai sikeli ya nuna ragi alhali babu abin da ya fita, ɗalibi ya tafi da zaton dokar ta karye.

Kada ka yi amfani da kwalbar gilashi, kuma kada sodar ta wuce giram 2, don matsin iska na iya fasa gorar. Idan nauyin ya ragu tun murfi na rufe, shafa ruwan sabulu a gefensa. Inda kumfa ta tsatso, nan yake yoyo.